Inda Baƙin Man Yake Tafiya

Sau uku babanki ya tsoma sandar gwada mai a safiyar nan. Ni nake riƙe masa tsumma, kina goye a bayana, wata bakwai da haihuwa. Kullum sau ɗaya yake yi: ya zaro sandar, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya duba inda baƙin man ya tsaya, ya rufe bonet, ya ce in yi masa addu'a. Ranar nan ya duba, ya goge, ya mayar, ya kuma dubawa, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ƙasar wurin a bushe take, ni na share ta da hannuna bayan sallar asuba, ko ɗigo babu. Da ya miƙe bai dube ni ba, katangar maƙwabta ya duba.

Ina rubuta miki wannan tun ba ki iya karatu ba, don na san wata rana wani zai ba ki labarin a karkace. Iri biyu ne yake yawo a Gummi har yau. Wasu za su ce miki iyayenki sun taɓa yi wa 'yan bindiga safara. Wasu za su ce uwarki ta fita ba da izinin mijinta ba, ta tona masa asiri a gaban maza, ta raba shi da sana'arsa. Na farkon ƙarya ne. Na biyun gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Har yanzu in na ji babur ya tsaya a ƙofar gida hannuna yakan saki abin da nake riƙe da shi, to ki yi haƙuri in rubutun ya karkace a wasu wurare.

Motar ba tamu ba ce. Ta wani ɗan kasuwar hatsi ce, Alhaji Garba, babanki direbansa ne. Tsohuwar mota ce mai dogon baya, wadda ake cusa wa mutum goma da buhu huɗu da akuya. Aikinta bin kasuwannin ƙauye: yau Adabka, gobe Nasarawar Burkullu, jibi a miƙa har Anka, yawanci kan jar hanyar da ba ta san kwalta ba. A gidanmu take kwana, a filin da ke tsakanin rijiya da ɗakin girki. Fetur babanki ke saye daga abin da ya samo, amma baƙin mai daga wurin Alhaji yake fitowa. In an yi juyen mai, sai ya ba shi galan ɗaya na ƙari, wanda a da yakan kai har wani juyen, wani lokacin ma a rage.

A ranin nan galan ya daina kai wata. Sannan ya daina kai sati uku. A lokacin da nake ba ki labarinsa, kwana goma yake yi.

Da farko babanki ya ce zafi ne, inji yakan sha mai da bazara. Sai ya ce ai man yanzu duk gauraye ne. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ya kwana, da safe kwalin fari fat. Ya tayar da ita ya bar ta tana aiki a tsaye, ya zagaya baya ya tsuguna yana kallon salansa, babu wani hayaƙin kirki, sai ɗan abin da kowace tsohuwar mota ke yi. Da ya je karɓar galan na uku, Alhaji ma ya yi duk wannan a ƙofar shagonsa, ya leƙa ƙasa, ya leƙa baya, bai ga komai ba. Ban ɗauka da mugunta ya yi maganar ba. Mutum ne mai tunani da baki, duk abin da ya zo kansa a majalisa yake sauke shi. Cewa ya yi man da bai zuba ƙasa ba, bai fita ta salansa ba, to hannu ne ya fitar da shi. Wani a cikin masu zaman ya ce ai baburan daji ma da baƙin mai suke tafiya. Wani ya ƙara da cewa matar direban ɗiyar Fulani ce.

Ke ba za ki gane nauyin wannan ba, ina kuma roƙon Allah kada ki taɓa ganewa. A shekarar, daji ya riga ya lalace. An kashe mutane a gonakinsu, an kwashe shanu, an ɗauki mata. Kowa ya san mutanen dajin ba su da gidan mai, ba su da kasuwa, to dole wani daga cikin gari ke kai musu. Kowa yana neman wannan wanin. 'Yan sa-kai, waɗanda suka ɗauki bindigogin toka don tsare gari, mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa ne, ba su da haƙurin dogon bincike. Akwai wani mai faci da aka kira daga bakin kasuwa, aka ce ya zo ya amsa tambaya. Matarsa ta ajiye masa tuwo. Har muka bar unguwar ba a ga ko takalminsa ba.

Ni kuwa, gaskiya ne Inna Bafulatana ce. An haife ta a ruga wajen Adabka, Baba ya auro ta ya kawo ta Gummi tun kafin a san da wannan masifa. Kawunnena su ma an kwashe musu shanu, sun watse, ɗaya yana gadi a birni, ɗaya ban san inda yake ba. Amma wa zai tsaya jin wannan? Maƙwabciyar da muke aron turmi da ita ta daina aikowa. Matan da ke sayen awarata suka koma wani gida. In na gaishe su ta kan katanga, su amsa a gajarce, kamar suna tsoron a gan su suna amsawa.

Babanki ya yi abin da ya ga shi ne dabara, shi ne kuma ya ƙarasa mu. Don kada ya sake zuwa wurin Alhaji, sai ya riƙa sayen man da kansa a Anka, inda yake ganin ba a san shi ba, yana ɓoye galan a ƙarƙashin kujerar baya. A tasha akwai wanda ba a sani ba? Kafin sati biyu labari ya iso Gummi cewa an ga direban Alhaji Garba yana sayen baƙin mai galan-galan yana ɓoyewa, ga shi kuma hanyar Adabka yake bi.

Ranar Laraba da hantsi aka yi sallama. Babanki ya fita, ya daɗe, ya dawo ya zauna a bakin rijiya. Sai da na tambaye shi sau biyu sannan ya ce shugaban 'yan sa-kai, wanda ake ce wa Kwamanda, ya aiko. Ran Asabar yana son ganinsa.

"Ya ce in taho da ke," in ji shi.

Ban yi kuka ba. Na tuna na ci gaba da tankaɗe garin da ke gabana har ya ƙare, na sake mayar da shi cikin rariya na tankaɗe. A wurin tankaɗen nan ne abin ya faɗo mini. Ina kallon gari yana wucewa ta ramukan rariya, sai na tuna da gyalena.

Ga yadda aka yi. A daminar da ta wuce, ina da cikinki, babanki ya dawo wata rana jiƙe sharkaf. Ya tsallaka wani rafi da ya kawo ruwa, ruwan ya shiga akwatin da inji ke shaƙar iska, matatar iskar, wadda ta takarda ce, ta jiƙe ta yage. Ya cire ta ya yar. Ya nema a wurin mai kayan mota, aka ce sai an je birni. Ya ce in ba shi wani ƙyalle marar kauri ya ɗaura a bakin bututun kafin a kawo. Na ɗauko koren gyalen da ya zo cikin lefena, mai ɗinkin zare ruwan gwal a baki, wanda tartsatsin wuta ya ɓata wa gefe ɗaya, na yanka masa rabi. Har daɗi na ji, wai kayana yana cikin motarsa yana bin sa duk inda ya je. Washegari ya dawo yana murna, ya ce motar ta fi ja, kamar an cire mata mura. Daga nan ba a sake maganar matata ba. Damina ta wuce, hanya ta bushe, ta koma jar ƙura, ke kika zo, muka shiga hidimar suna.

Abin da ya sa na haɗa wannan da wancan, Baba ne, kakanki, Allah ya jiƙansa. Injin niƙa ya yi wa aiki shekara ashirin. Ina 'yar firamare nakan kai masa abinci, in tarar da shi yana kakkaɓe matatar injin a jikin dutse, fari tas da gari har gira. Yakan ce inji numfashi yake yi kamar mutum, abin da ya shaƙa shi ke cin sa. Na yi sakandare har na gama, an koya mana zanen inji a allo, amma ba zanen ne ya dawo mini ba, Baba ne da dutsensa.

Na faɗa wa babanki bayan azahar. Ya saurare ni har ƙarshe, sai na ga a fuskarsa cewa ba sabon labari nake ba shi ba. Ya daɗe da zargin haka, shi ya sa bai taɓa kai motar gareji ba tun da abin ya fara. Ya ce direban da ya gada an kore shi ne a kan ƙaramin abu da bai kai wannan ba. Ya ce in aka buɗe inji aka ga shi ya kashe shi da hannunsa, to mota ta tafi, kuma babu mai motar da zai sake ba shi makulli daga nan har Anka. Ya ce zai je ran Asabar ya dafa Alƙur'ani, ai Kwamanda ya san mahaifinsa. Ya ce magana ce, za ta wuce.

Na ce masa mai facin ma an san mahaifinsa.

"Na hana ki," ya ce. "Kada in ji wagga magana a bakin kowa."

Kada ki riƙe shi da wannan. Shekara tara ya yi yana yaron mota kafin a ba shi sitiyari. Tsoron rasa motar ya girme masa har ya rufe masa ɗaya tsoron. Ni kuma ba motar nake gani ba. Shi in ya rantse wataƙila a sake shi, ɗan gari ne gaba da baya. Ni da wa zan rantse a yarda? Jinin Inna a fuskata yake, ba ya wankuwa.

Ranar Alhamis da ya fita, na goya ki, na sa hijabi, na fita ba tare da izininsa ba, karo na farko tun da aka kawo ni gidan. Garejin Baba Bawa na nufa, a bayan tasha. Tsohon makanike ne, abokin Baba, shi yake gyara masa injin niƙa, ya kuma ci goron sunana. Na same shi a gindin dalbejiya yana wanke wasu ƙarafa a cikin kwano. Da ya ɗago ya gane ni, sai ya kori masu zaman wurin, ya jawo mini benci. Ya riga ya ji maganar, kowa ya ji.

Bai ce mini sannu ba, bai ce Allah ya kyauta ba. Tambaya ya shiga yi, kamar likita. Tana ɗiga? Na ce a'a, an gwada da kwali. Ruwan lagireto fa, ya canza kala, ya yi kamar koko da madara? Na ce ni nake miƙa masa ruwan ƙari, garau yake. Tana zafi? A'a. Da safe tana wuyar tashi? Na ce kwanan nan sai an yi mata sau uku, kuma babanki yana ƙorafin ba ta hawa tudu kamar da. Hayaƙi? Na ce an duba a tsaye, babu.

"A tsaye," ya ce. "To wa ya taɓa tsayawa bayanta tana tahiya da kaya?"

Na ce ban sani ba. Ya ce babu. Direba gaba yake kallo, fasinja gaba suke kallo, madubin motar nan kuwa shi ya san tun bara ya karye. In ma an waiwaya, a jar hanya me za a gani in ba ƙura ba? Hayaƙi yana iya tafiya a cikin ƙurar nan wata shida ba wanda ya raba su. Amma, in ji shi, bai fi shekara biyu da ya sa wa injin nan sabbin ringi da hannunsa ba, zobban da ke hana mai hawa inda wuta take ci. Bai ga abin da zai cinye su da wuri haka ba.

Nan ne wurin. Da na yi shiru, da na tashi na koma gida ban saɓa wa kowa ba sai a fitar. Kin farka kina ƙananan kuka, na jijjiga ki, na jijjiga ki. Sannan na faɗa masa maganar gyalen.

Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa a hankali. Ya ce tun yaushe? Na ce tun tsakiyar damina. Ya ƙirga da yatsu, ya girgiza kai, ya ce gyale ai don a ga kwalliya ta cikinsa aka yi shi, ina zai tare ƙura. Ya ce wata bakwai injin nan yana cin yashi, yashin yana goge shi daga ciki kamar ana wanke tukunya da toka. Ya zagi babanki zagi biyu irin na manya, ya ce da ya zo tun farko da aikin yini ɗaya ne. Sannan ya dube ni ya ce na san abin da zai biyo baya in ya buɗe wannan a gaban mutane?

Na ce na sani.

Ya wanke hannu, ya sa hularsa, ya ce in koma gida. Shi zai je wurin Alhaji, daga nan ya wuce wurin Kwamanda. Ba zai roƙi kowa ba, ya ce, roƙo ba ya aiki a wannan zamani. Zai ce musu kawai kafin a tambayi mutum, a tambayi mota.

Babanki ya ji kafin ya iso gida. Bai daka mini tsawa ba, bai taɓa ni ba. Ya ci abincinsa, ya wanke hannu, ya fita masallaci. Daga ranar har wajen wata huɗu, maganarmu ba ta wuce ina kwana da ga ruwan wanka ba. Tun da ina nan, bari in gama miki da abin da ya biyo baya, don kada in ƙare da shi. Motar ta tafi. Babu wanda ya sake ba shi makulli, kamar yadda ya faɗa. Ya yi dako a kasuwar hatsi, ya yi kabu-kabu da babur ɗin aro, daga baya muka bar gidan mai filin mota muka koma ɗaki ɗaya a gidan yayansa. Yanzu muna magana, har mukan yi dariya. Amma in mota irin waccan ta wuce, yakan bi ta da ido har ta ɓace, ni kuma in sami abin yi a ɗaki. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba. Na daina jira.

Asabar ɗin, maimakon ofishin 'yan sa-kai, a gareji aka taru, da hantsi. Na aika aka kira Inna, ta zo da ɗan ƙullin kayanta a hannu. Na tambaye ta na mene ne, ta ce in an ce a tafi da ni, tare za mu. Muka zauna a gindin dalbejiyar, nesa da maza. Mutane sun fi talatin. Kwamanda ya zo da mutum biyu masu bindiga. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Na ɗauka zan ga ƙato, sai na ga ɗan siririn dattijo cikin farar riga, fuskarsa duk gajiya. An ce 'ya'yansa biyu aka kashe a gona rana ɗaya.

Baba Bawa bai yi jawabi ba. Ya cika man har layin sama, ya zaro sandar ya zagaya da ita, kowa ya gani. Ya kawo zare da kyandir, ya ɗaure murfin da ake zuba mai da notin da ake juye shi ta ƙasa, ya ɗiga kyandir a kan ƙullin, ya ce Kwamanda ya danna zobensa a kai. Ya sa aka loda buhu shida na dawa daga shagon Alhaji. Ya ce babanki zai tuƙa, Alhaji a gaba, ɗan sa-kai ɗaya a baya, a bi kwalta har Anka a dawo, ba jar hanya ba. Sannan ya ce Kwamanda ya hau babur ya bi su a baya, kurkusa, daga fita gari har tudun farko, in ya ga abin da ya gani sai ya shiga mota.

Kwamanda ya ce shi za a sa bin mota kamar ɗan rakiyar amarya? Baba Bawa ya ce in ya aika wani, zai ce an saye shi. Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta. Ya hau babur ɗin.

Ban san yadda zan kwatanta miki awannin nan ba. Ba abin da ya faru. Rana ta hau, inuwar dalbejiya ta matsa, muka matsa da ita. Na ba ki nono sau uku. Ɗan sa-kan da aka bari yana zaune a kan taya yana cin gyaɗa, bindigarsa a kan cinya, bakinta yana kallon wajenmu ba da niyya ba. Inna tana jan carbi. Wata mai fura ta zo wucewa, ta gan mu, ta canza hanya. Ni abin da nake ta tunani shi ne, in Baba Bawa ya yi kuskure fa? In suka dawo man yana nan a layinsa? Na gaji har na ji ko me za a yi a yi, in dai za a bar ni in kwanta.

Sun dawo ana gab da la'asar. Kwamanda ne ya fara fitowa. Gaban farar rigarsa, daga wuya har ciki, ya yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar an yarfa masa tawada, hularsa ma haka. Alhaji ya fito yana ba da labari tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba: wai da suka gangara suka kama hawan tudu, babanki ya taka, sai wani shuɗin hayaƙi ya turnuƙe har ba a ganin babur ɗin, Kwamanda yana ta tari yana ɗaga hannu a tsaya.

Baba Bawa ya ce a duba zare. Kwamanda ya duƙa da kansa, sama da ƙasa, shaidar zobensa tana nan ba a taɓa ba. Aka jira injin ya huce kaɗan, aka zaro sandar. Man ya sauka kusan rabin tsakanin layi biyun, a tafiyar yini ɗaya, da mai motar a zaune a ciki. Baba Bawa ya kwance fulogi ɗaya ya miƙa wa Alhaji, baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Alhaji ya juya shi, ya ce to ya yarda inji ke sha, amma mi ya sa? Ba bara waccan aka yi masa aiki ba?

Baba Bawa ya ɗan dubi wajen da nake. Sannan ya ɓalle akwatin iskar, ya sa hannu, ya jawo ƙyallen.

Ba kore ba ne kuma. Ya koma ja, ya yi tauri, tsakiyarsa ta huje. Amma ɗinkin ruwan gwal ɗin yana nan, kowa ya ga kayan mace ne. Sai gunaguni ya tashi. Na ji wani ya ce asiri ne. Na ji wani ya ce alama ce da ake yi wa mutanen daji don su gane motar su bar ta ta wuce. Maganar da aka kashe yanzu-yanzu ta fara sabon rai a gabana. Kwamanda ya karɓi ƙyallen da yatsa biyu ya tambayi babanki na wane ne, kuma mi yake yi a nan. Babanki ya sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Inna ta riƙe mini hijabi, na zame. Ban taɓa magana a gaban maza uku ba, balle talatin.

"Nawa ne," na ce. "Gyalen lefena ne. Ruwa ya ɓata matatar da damina, anka ce babu sai birni, ni na yanka na ba shi ya ɗaura. Ɗaya rabin yana cikin akwatina, a aika a ɗauko."

Baba Bawa bai jira kowa ba. Ya tura yatsa cikin bututun, ya lakato wani jan abu mai kauri, ya kamo hannun Alhaji ya shafa masa a tafi, ya ce ya murza. Alhaji ya murza, muka ji ƙarar yashi daga inda muke. Baba Bawa ya shafa wa Kwamanda shi ma. Ya ce ga hanyar Adabka nan, ga ta Nasarawa, duk suna cikin injin, su suka cinye ringin, man kuma ta salansa ya bi, sauransa ga shi nan a rigar Kwamanda. Ya ce wannan ba cin amana ba ne, sakarci ne, kuma in za a riƙa kashe direba don sakarci, to a rufe tasha.

Alhaji ya miƙa hannu, babanki ya sa masa makullin a ciki.

Kwamanda ya daɗe yana murza yashin a yatsunsa. Ya dubi ƙyallen, ya dubi Inna da ƙullin kayanta, ya kawar da kai. An fara kiran sallar la'asar a masallacin tasha, mutane suna ta zamewa ɗaya-ɗaya, har da waɗanda suka fi kowa baki. Kwamanda ya miƙo mini ƙyallen. Yana nan cikin akwatina tare da ɗaya rabin, ban wanke shi ba, naki ne in kin girma. Ko fuskata bai kalla ba, yana kankare ɗigon man da ke rigarsa da farce, ya yi maganar kamar mai sallamar wanda ya zo tambayar hanya.

"Tahi gida, ɗiyata. Babu mai taɓa ki."

Na koma kan bencin na zauna da ƙyallen a hannu, jar ƙasa tana zuba a kan zanena. Babanki ya riga ya juya ya nufi masallaci shi kaɗai. Inna ta ajiye ƙullin kayanta a ƙasa, karo na farko tun safe, ta zagayo bayana, ta ce in ɗan duƙa ta gyara mini goyo, kanki ya karkace.